Tun da na ajiye aiki, riƙon riga ne ya cinye mini lokaci

Sallama gare ku, 'yan uwa masu koyon judo. Tambayar da kuka fi yi mini tun da na miƙa takardar barin aiki na koma horo safe da yamma ita ce wace sabuwar dabarar kayarwa na koya. Ko ɗaya. Har yanzu uchi-mata ce da ko-uchi-gari, sai tai-otoshi idan abokin karawa ya matso da kansa. Abin da ya sauya yana tafin hannuna, kuma a kansa nake so mu tsaya yau.

Lokacin da nake zuwa horo bayan an tashi daga ofis, da mutanen da na saba nake randori, wato karawar gwaji ta wurin horo. Na san su, sun san ni. Kowa zai kama kwala, ya kama hannun riga, sannan a fara neman juna. A gasar ƙasa da ƙasa babu mai yi maka wannan alfarmar. Minti 4 ne karawar manya, kuma mafi yawansu a kokawar hannu suke ƙarewa. Mutum zai danne maka hannun da kake kama kwala da shi, ya maƙale shi a ƙasa kusa da cinyarka, ka tsaya da dabararka a ƙafa ba ka da hanyar shigar da ita. Uchi-matar da na yi shekaru ina gogewa ba ta da amfani idan hannun riga bai shigo hannuna ba.

Don haka kocina ya juya tsarin horon safe gaba ɗaya. Bayan ɗumama jiki da uchikomi, wato maimaita shigar dabara, sai mu shiga kumikata, kokawar riƙon riga zalla, ba kayarwa. Mutum biyu, gajeren lokaci, wanda ya fara samun riƙon da yake so da hannu biyu shi ya ci, a saki a sake. Daga baya aka ƙara sharaɗi: da zarar riƙon ya samu, dole hari ya biyo baya nan take. Wannan sharaɗin ne ya fi wahalar da ni, domin jiki ya saba da ɗan tsayawa yana jin daɗin cewa ya kama. Ɗan tsayawar nan ita abokin karawa yake jira ya fizge.

Ni na dama ne. Idan na haɗu da na dama irina, ƙa'idar da nake bi yanzu ita ce in fara kama hannun rigarsa na dama da haguna kafin in nemi kwala, saboda hannun nan shi ne makaminsa. Idan bahago ne kuwa, labari ya canza. Ƙafarsa ta gaba da tawa suna fuskantar juna, kuma faɗan yana kan wanda hannunsa na kwala zai shiga ta ciki. Wanda ya samu ciki shi ke da iko da tazara. A nan na ga ci gaba na gaske a 'yan watannin nan, don da can bahago yakan sa ni in rasa ta inda zan fara. Wanda har yanzu ban samo kansa ba shi ne riƙon da 'yan ƙasar Jojiya suka yi suna da shi, inda mutum zai zura hannu ta saman kafaɗarka ya kama bayanka ko ɗamararka, ya tanƙwara ka. Idan ya riga ya zauna, sai dai ka yi ta addu'a. Maganin da muke gwadawa shi ne tare hannun tun yana hanya, a tsaya a miƙe, kada kai ya sunkuya. A horo yana aiki. A gaban wanda ya girma da wannan riƙon, sai mun gani.

Masu cewa kokawar riƙo ɓata judo ce, ba ita Jigoro Kano ya kafa Kodokan a 1882 dominta ba, ina jin su, kuma wani lokaci idan ina kallon karawar da aka yi ta fizge-fizge har aka tashi, nakan ba su gaskiya. Amma alƙalin wasa da dokar yau yake hukunci. Wanda aka fi ƙarfinsa a riƙo shi ne zai daɗe bai kai hari ba, a ba shi shido, wato hukuncin ƙaramin laifi. Shi ne zai faɗi da gwiwa ya yi harin ƙarya don ya tsira, a ƙara masa.  Shido na uku kuwa hansoku-make ne, ka fita ke nan ba tare da bayanka ya taɓa tabarma ba. Tun da aka hana kama ƙafa da hannu a tsaye, a 2010 aka fara aka kuma ƙarasa a 2013, wanda ya rasa riƙo a sama ba shi da wata mafaka a ƙasa. A 2025 kuma an dawo da yuko, maki mafi ƙanƙanta, wato ƙaramar kayarwa ma tana iya raba gardama, har da danne mutum na daƙiƙa 5. Wannan ya sa na daina miƙewa da sauri bayan hari ya ƙi, ina bin mutum ƙasa. Dannewar daƙiƙa 10 waza-ari ce, makin da ya fi yuko, ta 20 kuma ippon, nasara kai tsaye.

Yatsu ne suka biya kuɗin duk wannan. Gaɓoɓin sun kumbura, kuma sai na naɗe su da filasta kafin kowane horo. Na koyi sakin riƙo idan an fizge da ƙarfi maimakon in nace, domin yatsan da ya goce yana hana mutum riƙo na makonni. Sauran jadawalin ba wani abin mamaki: ɗaga ƙarfe wasu ranakun, randori da yamma, rana ɗaya ta hutu cur. Barcin rana, wanda mai aikin ofis ba ya samu, shi ne riba mafi girma da barin aiki ya ba ni, kuma da gaske nake.

Batun nauyi. Ina ajin kilo 73. Ana awo da yammacin jajibirin gasa, amma da safe ana iya zaɓo sunanka a sake auna ka, kuma ba a yarda ka wuce iyakar ajinka da fiye da kashi 5 cikin 100 ba. A wurina kilo 76.65 ke nan. Saboda haka ba na barin nauyina ya yi nisa tsakanin gasa da gasa. Wanda ya busar da jikinsa ya sauke kilo da yawa a mako guda, damtsensa ne ke fara mutuwa a minti na uku, kuma da damtsen ake riƙo.

Ga masu tunanin bin wannan hanya, akwai abin da ya kamata ku lissafa kafin ku rubuta takarda. Ba ka shigar da kanka gasar Tarayyar Judo ta Duniya. Hukumar judo ta ƙasarka ce ke saka sunanka, don haka sai ka fara da cin na gida. Rigunanka biyu, fara da shuɗiya, dole su kasance masu tambarin amincewar tarayyar, da sunanka da na ƙasarka a baya, kuma ana auna su kafin ka shiga fili. Duk maganin da za ka sha, ko na mura ne, sai ka duba jerin haramtattun magunguna na WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan magungunan ƙara kuzari a wasanni, wanda ake sabuntawa kowace 1 ga Janairu. Sai biza, tikiti da masauki, galibi daga aljihunka. Makin jerin matsayi na duniya kuma ba ya zama: zinare a buɗaɗɗiyar gasar nahiya maki 100 ne, a Grand Slam irin na Paris ko Tokyo 1000, kuma bayan wata 12 rabinsa ya tafi, bayan 24 babu komai. Wanda ya tara kuɗin shekara ɗaya kawai zai ga matsayinsa yana zubewa daidai lokacin da asusunsa ya bushe. Ni ina ɗan yin aikin lissafi ta intanet da dare don toshe wannan ɓaraka, kuma ban ga abin kunya a ciki ba.

Abin da ke gabana yanzu sansanin horo ne a ƙetare, inda zan samu bahagwai da masu riƙon baya da yawa a wuri ɗaya, sannan wata buɗaɗɗiyar gasar nahiya. Wanda ke da abokin horo dogo mai son kama baya, ya gwada tare hannun nan da na faɗa, ya gaya mini ko gwiwar hannu ya fi sauƙin tarewa ko wuyan hannu, domin ni da kocina har yanzu muna musu a kai.