"Babu komai, Baba"

Shekara 6 na yi a ɗakin hoton asibiti a nan Katsina, amma yau da nake tattara komatsaina fuska ɗaya ce ke ta dawo mini: wani dattijo tela da ya taso daga Daura da katin eksire na wuya. Babban yatsansa da manuni sun sage, zafi na saukowa daga kafaɗa kamar an ja shi da lantarki. Na ɗauki na gaba da na gefe. Ƙasusuwa 7 a jere, ba karaya, ba gocewa. Yana mayar da hularsa ya ce, "Ɗana, me ka gani?" Na ce, "Babu komai, Baba."

Ba hurumina ba ne in faɗi haka, ɗaukar hoto ne aikina, fassara shi na likita ne. Kuma na sani sarai eksire ƙashi yake nunawa, faifan da ke tsakanin ƙasusuwa da jijiyar da ya danne sai MRI, na'urar hoto mai aiki da maganaɗisu. Sagewar babban yatsa kuwa, ko ɗalibi zai ce a duba tsakanin C5 da C6, wato ƙashin wuya na 5 da na 6. Baba ya riƙe maganata, bai ko jira rahoto ba, ya koma gida wanzami ya yi ta kafa masa ƙaho.

Bayan wata 7 ya dawo, ɗansa na tallafe da shi. Zura zare a allura ya gagare shi, maɓallin rigarsa ma ni na ɓalle masa kafin ya kwanta a na'urar MRI. Faifan ya fito ya danne laka. Hoton ya fita fes, har na kasa kallonsa.

Oga, shugabanmu a ɗakin hoto, ya wanke ni tas a gaban ɗalibai, kuma na cancanta. Sai dai rahoton hoton farko shi ya sa wa hannu, ko kusa bai ambaci MRI ba. Ba wanda ya ɗaga wannan. "Na yi kuskure, Yallaɓai," kawai na ce, sauran na haɗiye, har yau yana maƙale a maƙoshi.

Ku da na bari: a roƙi majiyyaci kada ya haɗiyi yawu yayin da na'ura ke ƙara, yana ɓata hoton wuya. A cire ɗan kunne da fil na ɗankwali, a tambayi ko an dasa masa na'urar zuciya. Faifan da ya ɗan kumbura a wuyan ɗan shekara 50 ba lallai shi ne ciwon ba. Duk rahoton da Oga ya sa wa hannu kuma, ku ajiye kwafi.