Yadda nake shirya ɗalibai kan Fences don jarrabawar WAEC

Fences, wasan kwaikwayo na August Wilson, ya kasance cikin littattafan adabin Turanci da WAEC ta sanya daga 2021 zuwa 2025, kamar yadda A Raisin in the Sun na Lorraine Hansberry ya kasance daga 2016 zuwa 2020. Abin da na gani wajen koyar da su shi ne, Turancin ba shi ne babbar matsala ba. Rashin sanin zamanin da labarin ya faru shi ke kayar da yara.

Don haka ba na buɗe littafin a darasin farko. Sai na zana shekaru uku a allo: 1947, lokacin da Jackie Robinson ya karya shingen da ya hana baƙaƙen fata shiga babbar gasar besbol ta Amurka, 1957, lokacin da labarin Fences ya fara a birnin Pittsburgh, da 1965, shekarar jana'izar Troy Maxson, babban jarumin labarin. Troy yana da shekara 53, tsohon gwanin besbol ne, ya yi shekara 15 a kurkuku, kuma ko da ƙofar besbol ta buɗe ƙarfinsa ya riga ya wuce, ya koma kwasar shara. Ɗalibin da bai san wannan ba zai rubuta cewa Troy mugun uba ne kawai, da ya hana ɗansa Cory tallafin karatu ta hanyar ƙwallo. Wasu kuma, saboda tarbiyyar gida, sukan ce ai uba ne, maganarsa ita ce gaba. Dukansu rabin amsa suka bayar. Mai duba takarda yana son ya ga tsoro, hassada da ƙauna a cakuɗe cikin mutum guda.

Dokar besbol ɗaya tak nake koyarwa: mai bugu ya kuskure ƙwallo sau 3 ya fita. Da ita Troy ke ƙirga wa Cory laifi har ya kore shi daga gida.

Wasan kashi biyu ne, na farko fitowa 4, na biyu 5. Muna karantawa da baki, kowa da rawarsa, domin Turancin baƙaƙen Amurka a takarda kamar kuskure yake, sai an ji shi a kunne yake warwarewa. Kowane ɗalibi yana ware shafi guda ga kowane ɗan wasa, ya rubuta abin da ya yi da fitowar da ya yi shi. Shafin Gabriel, ɗan'uwan Troy, shi ne aka fi bari wayam, alhali da dala 3,000 ta diyyar rauninsa na yaƙi Troy ya samu gidan da ake kewayewa da shinge. Fim ɗin Fences na 2016 kuwa sai bayan an gama karatu. Wanda ya fara da shi ba ya komawa littafi.

A takarda ta uku ta jarrabawar ana amsa tambayoyi 4 cikin awa biyu da rabi, wato ƙasa da minti 40 kowace. Yaro zai ga an tambayi matsayin Rose, matar Troy, sai ya kama ba da labari tun daga ranar Juma'ar albashi da wasan ya buɗe da ita, lokaci ya ƙare bai kai inda ta karɓi jaririyar da Troy ya haifa da farkarsa Alberta ba. Yanzu kowane sakin layi sai na ga hujja a jimlar farko, aukuwa ɗaya daga wasan, da abin da ya haɗa ta da tambayar. Wanda babu wannan, jan biro nake ja masa, a sake.