Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Gwangwanin Baba

Makon jiya na tsaya ne a inda Baba ya daina cin tuwo, ya koma shan kunu kaɗai.

Tun ina yaro a Mai Wurno, a ƙasar Sudan, ban taɓa ganin Baba ba tumbak a aljihu ba. Garin taba ne da ake kawowa daga wajen Al-Fashir a Darfur, a cuɗa shi da kanwa, wadda Larabawa ke kira aɗrun. Ya buɗe ɗan gwangwaninsa, ya murza saffa, wato ɗan dunƙulen tabar, da yatsu uku, ya cusa tsakanin leɓen ƙasa da dasashi, sannan ya saɓa fartanya. Ni ne ma ɗan aiken sayo masa, abin da har yau yake ci mini rai. Mun ɗauka tunda ba hayaƙi, ba illa.

Daidai inda yake ajiye saffar ne wani farin tabo ya fito, daga baya ya zama gyambo. Inna ta yi ta dafa masa bagaruwa yana kuskure baki. Wata takwas muna haka kafin Yaya ya matsa muka tafi asibitin masu ciwon daji da ke Wad Madani.

Likitar ta haska bakin da tocila, ta lalubi ƙasan haɓarsa, ta ji ƙullutu. Ta ce, "Alhaji, shekara nawa kana saffa?"

"Tun kafin in yi aure, 'yata."

Ta yi shiru. A waje ta yi mana bayani: a taba irin wadda ake sawa a baki an gano aƙalla sinadarai 28 masu jawo sankara, kanwar kuma ita ke sa nikotin ya ratsa jiki da sauri, shi ya sa barinta ke da wuya. Duk miki ko tabon baki da ya wuce mako uku bai warke ba, a nuna wa likita, domin idan aka kama shi da wuri ana samun sauƙi. Wannan maganar ce ta fi tsaya mini a zuciya, don mu wata takwas muka ɓata.

A motar komawa Baba ya ga kumburin aljihuna, don ni ma na fara a ɓoye. Bai yi faɗa ba. Ya miƙo hannu kawai, na ba shi, ya haɗa da nasa ya wurga ta taga.

Bayan kwana goma sakamakon gwajin ɗan naman da aka yanka a bakinsa ya fito. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.