Hawan Dutsen Wilson, Inda Aka Auna Buɗewar Sararin Samaniya

Da hantsi muka bar Pasadena, ni da yayana mazaunin Los Angeles. Hanyar Angeles Crest kwana ce bisa kwana, gefe guda dutse, gefe guda kwazazzabo, har kunnuwana suka toshe. Mun haura sama da mita 1,700 kafin farar kubbar gidan nazarin taurari na Dutsen Wilson ta bayyana a tsakanin itatuwa.

A cikinta madubin hangen nesa na Hooker yake, mai faɗin inci 100, wanda aka fara aiki da shi a 1917. Da shi Edwin Hubble ya kafa hujja a 1929 cewa gungun taurari, gwargwadon nisansa, gwargwadon saurin da yake nesanta da mu, wato sararin samaniya yana buɗewa. Na daɗe tsaye ina kallon baƙin ƙarfen nan, zuciyata kuwa tana wajen Milton Humason. Da alfadarai ya fara hawo da kaya kan wannan dutse, daga baya aka ɗauke shi shara, a ƙarshe ya zama shi ke kwana cikin sanyi yana ɗauko hasken da Hubble ke lissafi da shi. A ganina ba a ambatonsa yadda ya kamata.

Yaya ya ce, "To kai malam, ta yaya ake auna abin da ba a taɓa zuwa ba?" Na ce masa saurin ba shi ne wahalar ba, domin hasken abin da ke gudu daga gare mu yakan karkata zuwa ja, kuma yawan karkatar ke nuna saurin. Nisan ne aiki. Kamar fitila ce a daji da dare: sai ka san ainihin ƙarfinta kafin dusashewarta ta gaya maka inda take. Henrietta Leavitt ce ta samo mafita a 1912, da taurarin da ake kira Cepheid, masu haske mai ƙaruwa da raguwa, waɗanda tsawon lokacin bugawarsu ke nuna ainihin haskensu.

Hubble ya samu cewa saurin nesantar yana ƙaruwa da kilomita 500 a daƙiƙa kan kowane megafasek na nisa, wato tafiyar haske ta shekara miliyan 3.26. Idan aka mayar da wannan buɗewa baya zuwa mafarinta, lissafin ya nuna shekarun sararin samaniya da ƙyar suka kai biliyan 2, alhali duwatsun ƙasa sun fi haka tsufa. A kan dutsen nan dai Walter Baade ya kamo bakin zaren gyara, lokacin yaƙin duniya na biyu da ake rage fitilun Los Angeles, kuma a 1952 ya ninka nisan da aka ƙiyasta wa gungun taurarin, abin da ya ninka shekarun sararin samaniya ma.

Muna gangarowa na ƙarasa masa labarin. Tawagar Adam Riess, mai bin hanyar Leavitt, tana samun kusan kilomita 73 a daƙiƙa kan kowane megafasek, maimakon 500 na Hubble. Tauraron ɗan'adam na Planck, da ya auna haske mafi tsufa a samaniya, ya ba da kusan 67. Kowane ɓangare ya sake duba aikinsa, tazarar ta ƙi rufewa. Yaya ya rage gudu a wata kwana ya ce, "Ashe har yanzu ana kan aikin."