Abin da Fassarar Fina-finan Yaƙi Uku Ta Koya Mini

A shekarar ƙarshe ta karatuna na digiri na biyu, aikin da ya faɗo a kaina shi ne in ɗauki fina-finan Turai uku da suka yi magana a kan iyalan da yaƙi ya raba, in yi musu fassarar Hausa irin wadda ake rubutawa a ƙasan allo, sannan in yi bayanin matsalolin da na ci karo da su. Na karɓi aikin ina ganin wahalarsa ba za ta wuce neman sunayen makamai da muƙaman soja ba, har na sayi littafin rubutu guda domin tara irin waɗannan kalmomi. Bayan wata bakwai, shafi biyu kacal makamai suka ci a littafin. Sauran shafukan sun ƙare ne a kan kalmomin da mutane ke kiran juna da su a cikin gida.

Wannan aiki yana da ƙa'idar da ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Layi biyu ne kawai mai fassara yake da su, kowane layi yana ɗaukar haruffa wajen 40, kuma rubutun ba ya wuce daƙiƙa shida a kan allo kafin ya ɓace. Duk kalmar da aka saka, to wata aka fitar domin ta samu wuri. A makon farko ma manhajar da nake amfani da ita ta mayar mini da duk wata ƙ da ɗ da ɓ akwatuna marasa ma'ana, sai da na kwana biyu ina gyara, amma wannan ƙaramar matsala ce idan aka kwatanta da abin da ya biyo baya.

Fim na farko shi ne The Wind That Shakes the Barley na Ken Loach, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes a Faransa a 2006. Labarin wa da ƙane ne a yankin Cork na ƙasar Ayalan, Teddy da Damien, waɗanda suka yaƙi sojojin Birtaniya kafaɗa da kafaɗa a yaƙin neman 'yanci na 1919 zuwa 1921. Da aka sa hannu a kan yarjejeniyar Disamba 1921, wadda ta bai wa kudancin ƙasar mulkin kai amma ta bar rantsuwar biyayya ga sarkin Ingila, sai 'yan gwagwarmayar suka rabu gida biyu, yaƙin basasa ya ɓarke a 1922. Teddy ya karɓi yarjejeniyar ya sa kakin sabuwar gwamnati, Damien kuwa ya ce an sayar da jinin waɗanda suka mutu. A ƙarshe an kama ƙanen, kuma wan ne da kansa ya ba da umarnin a harbe shi.

A daren da ya rage wa Damien a duniya, wansa ya shiga ɗakin da ake tsare da shi yana lallashinsa ya faɗi inda aka ɓoye makamai domin a yi masa afuwa. Da na zo fassara wannan wuri, hannuna da kansa ya rubuta "Yaya" a duk inda Damien ya yi wa wansa magana, domin kunnen Bahaushe ba ya jin daɗin ƙane yana yi wa wansa magana gatsau a irin wannan hali. Malamar da ke duba aikina ta kalli wurin sau biyu, sannan ta tambaye ni: "Wa ya ce Yaya a nan, kai ko shi?" Na ce, "Malama, ai haka muke faɗa." Ta ce in sake kallo ba tare da rubutuna ba. Da na sake kallo sai na ga abin da na yi: kalmar tawa ta mayar da Damien yaro mai neman alfarma a wurin babba, alhali mutumin da ke cikin fim ɗin yana magana ne da wani kwamanda da suke adawa, kuma zafin wurin gaba ɗaya yana cikin yadda 'yan'uwantakar take nan amma ba ta da sauran iko a kan kowannensu. Na goge kalmar a ko'ina. Rubutun ya yi kaushi a ido, kuma kaushin nan shi ne daidai.

Irin wannan tarko ya sake kama ni wajen sunayen ɓangarorin biyu. Idan na kira mutanen Damien "'yan tawaye", na yanke musu hukunci kafin mai kallo ya ji hujjarsu, domin mun saba jin wannan kalma a rediyo a kan mutanen da ba a yi musu uzuri. Idan na kira su "'yan kishin ƙasa", na mayar da Teddy maci amana. Na tsaya a kan "masu karɓar yarjejeniya" da "masu ƙin yarjejeniya", duk da cewa suna cin haruffa da yawa. Ni a ganina Loach da kansa ya karkata ga ɓangaren ƙanen, amma karkatar tasa ce, ba aikina ba ne in ƙara mata nauyi.

Sauran fina-finan biyu na Jasmila Žbanić ne, 'yar Sarayebo babban birnin Bosniya, kuma da yake ba na jin harshen Bosniya, na fara dogara ne da fassarar Turanci a matsayin gada. Wata ɗalibar harshe 'yar ƙasar, wadda muka riƙa aiki tare ta intanet, ita ta nuna mini cewa gadar tana da ramuka. Ta ce a wurinsu ɗan'uwan uba amidža ne, ɗan'uwan uwa kuwa daidža, kamar yadda muke raba baffa da kawu, amma Turanci kalma ɗaya yake ba su duka. Daga ranar na daina amincewa da fassarar fassara, duk jimlar da ta shafi dangantaka sai na tura mata ta saurari asalin.

Grbavica, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Balin a Jamus a 2006, sunan wata unguwa ce a Sarayebo da ta kasance a hannun mayaƙan Sabiyawa lokacin ƙawanyar da aka yi wa birnin daga 1992 zuwa farkon 1996. Babu yaƙi ko ɗaya a cikin fim ɗin. Wata uwa ce, Esma, da 'yarta Sara mai shekara 12, wadda ta taso tana alfahari cewa mahaifinta ya mutu a fagen fama. Makarantarsu ta shirya tafiya ta yawon buɗe ido, aka ce za a sauƙaƙa wa 'ya'yan waɗanda suka mutu a yaƙi kuɗin tafiya idan sun kawo takardar shaida. Esma ba ta da wannan takarda, don haka ta kama aikin dare a wani gidan rawa tana haɗa kuɗin, 'yar kuwa tana ta matsa mata da tambaya. Kalmar da suke kiran irin wannan uba da ita ita ce šehid, wato shahidi, kuma wannan ce kalma mafi sauƙi da na taɓa fassarawa, tun da daga Larabci ɗaya mu da su muka aro ta.

Wahalar tana wurin da gaskiya ta fito. Sara ta tsare uwarta da bindiga, uwar ta fashe ta gaya mata cewa a sansanin da aka tsare ta aka yi mata fyaɗe, kuma Sara ce abin da ya fito daga ciki. Maganar ta fito ne da ihu da zagi, da kalmar da ba ta da wata fassara a Hausa sai "shegiya". Na yi kwana uku ina kewaye wurin. Na gwada "an ci zarafina", na gwada "an keta mini haddi", na gwada "'yar da ba ta da uba". Tarbiyyata tana ce mini a sakaya, domin uwa ba ta faɗa wa 'yarta irin wannan magana a gaban jama'a. Amma sakayawar nan ita ce ainihin abin da matar ta yi shekara 12 tana yi, ita ce ta kusa kashe ta, kuma fim ɗin gaba ɗaya an gina shi ne domin ya kai ga daƙiƙar da sakayawa ta ƙare. Mai fassarar da ya lulluɓe wannan wuri ya mayar da matar cikin ɗakin da ta fito. Na rubuta kalmomin yadda suke. Daga baya na karanta cewa bayan fitowar fim ɗin an yi gangami a Bosniya, kuma a shekarar 2006 ɗin aka gyara doka a ɓangaren Tarayya, ɗaya daga cikin manyan sassa biyu na ƙasar, domin a lissafa matan da aka yi wa fyaɗe cikin fararen hular da yaƙi ya cutar.

Akwai wani wuri bayan wannan da ya koya mini cire hannu. Sara ta tsaya ta aske gashin kanta, domin uwarta ta taɓa gaya mata cewa gashin ne ta gado daga mahaifinta. Ba ta ce komai ba. Mu da muka saba da fassarar fina-finan Indiya, inda mai fassara ke cike duk wani shiru da sharhi da barkwanci, hannunmu yana ƙaiƙayin mu bayyana. Na bar ƙasan allon babu rubutu.

Fim na uku, Quo Vadis, Aida? na 2020, ya taɓa ni ta wata fuska dabam, domin jarumar tasa tafinta ce. Aida malamar makaranta ce da ke yi wa sojojin Holan na Majalisar Ɗinkin Duniya tafinta a garin Srebrenica na Bosniya cikin Yulin 1995, lokacin da rundunar Ratko Mladić, kwamandan sojojin Sabiyawan Bosniya, ta shiga garin da aka ayyana a matsayin tudun mun tsira, aka kashe maza da yara maza fiye da 8,000 cikin 'yan kwanaki. Mijinta da 'ya'yanta maza biyu suna cikin dubban mutanen da suka gudo sansanin sojojin Holan ɗin da ke Potočari, kusa da garin. Tana da katin ma'aikata a wuya, su ba su da shi, don haka rabin fim ɗin gudu take yi daga ofis zuwa ofis tana roƙon a sa sunayensu a jerin waɗanda za a fita da su. A tsakanin wannan gudu ne ake kiranta ta tsaya gaban jama'arta ta faɗa musu da harshensu umarnin da jami'an suka bayar, har da umarnin su fita daga sansanin, alhali ta fara gane inda fitar za ta kai su.

A nan fassarata ta zama hawa uku: jami'i ya faɗa da Turanci, Aida ta maimaita da harshen Bosniya, ni kuma in rubuta da Hausa. Da farko sau ɗaya nake rubuta kowace jimla, ina ganin maimaici ɓata wuri ne. Abokiyar aikina ta ce in saurari muryar matar. Kalmomin nasu ne, amma bakin da ke furta su na wadda 'ya'yanta ke cikin taron ne, kuma mutanen da ke sauraro ita suka sani, ita ta koyar da yaransu. Saboda haka na koma na rubuta jimlolin sau biyu, na jami'in da Hausar takardar ofis, nata kuma da Hausar da maƙwabciya ke yi wa maƙwabta, gajera, wani lokaci a yanke. Wannan ne kaɗai wurin da na bar kaina na yi zaɓi mai nisa haka, kuma na rubuta dalilina a cikin kundin domin duk wanda bai yarda ba ya san inda zai kama ni.

Žbanić ba ta nuna kisan ba. An kora mazan cikin wani zaure, bakunan bindigogi suka leƙo ta tagogin sama, sai kyamara ta fice waje inda yara ke wasa. Bayan shekaru Aida ta dawo garin ta tarar da wani iyali zaune a gidanta, sannan ta shiga wani ɗakin da aka jera ƙasusuwa da tsummokaran tufafi a ƙasa tana bi layi-layi. Hakan ake yi a zahiri: an riƙa gano mutanen Srebrenica ta gwajin ƙwayoyin halitta, ana binne waɗanda aka tantance a Potočari kowace ranar 11 ga Yuli.

Yayin da nake karatun tarihin irin waɗannan fina-finai na gano cewa alaƙar sinimar Turai da iyalan da suka warwatse ba ta tsaya a labaran ƙirƙira kaɗai ba. A shekarun farko na bayan yaƙi, tun daga 1946, labaran mako da aka riƙa haskawa a gidajen sinima na gabashin Jamus kafin a fara fim sun kasance da wani sashe inda ake nuna yaran da suka rabu da iyayensu a yaƙin duniya na biyu, yaro ya fuskanci kyamara a faɗi sunansa, ko wani a cikin masu kallo zai gane shi. Wasu yaran ba su ma san sunan gidansu ba.

Ranar da na gabatar da aikin, an haska wasu sassa a wani ƙaramin ɗakin karatu, mu kusan ashirin. Da aka zo daren Damien da Teddy, wani abokin karatunmu da ke zaune a bayana ya sunkuyo ya ce mini a hankali: "Malam, ka manta ba ka sa ya ce Yaya ba." Na ce masa ban manta ba. Ya yi shiru har aka kai wurin da Teddy ya kai wa matar da ƙanensa ke so wasiƙar ban kwana ta kore shi daga ƙofar gidan, sannan ya sake sunkuyowa ya tambaye ni ko zan iya tura masa fim ɗin gaba ɗaya da daddare.