Daga 991 zuwa 992: inda kuɗin canjin mota ya zurare

Duk mai motar tsere ta alfarma a Najeriya da ya saye ta kafin 2023, in ya tambayi dillali nawa za ta yi yanzu, amsar za ta faranta masa rai. Tawa Porsche 911 Carrera S ce ƙirar 2017, ta zubin da ake kira 991.2. Na shigo da ita a 2019, dala tana wajen naira 360, kuma da kuɗin mota da na jirgi da na fito ta tsaya mini kusan dala dubu 125, wato naira miliyan 45. A Disamban 2023 aka saye ta naira miliyan 108. Mutane suka yi ta yi mini barka, wai na hau mota shekaru kuma na ci riba fiye da ninki. Babu ribar ko sisi. A wannan watan dala tana wajen 1,200 a kasuwar bayan fage, don haka abin da ya shigo hannuna dala dubu 90 ne. Motar ta ci dala dubu 35, naira ce kawai ta rufe ɓarnar.

Wannan ma bai dame ni ba, domin mota ai dole ta faɗi. Abin da ya kamata mai son canji ya zuba wa ido shi ne ciko, kuma da dala zai lissafa shi. A Amurka a lokacin, tsakanin irin tsohuwar tawa da Carrera S ƙirar 2021 ta zubin da ya biyo baya, wato 992, da na ɗauka a dala dubu 118, tazarar ba ta wuce dala dubu 30 da 'yan kai ba. A nan gida labarin daban ne. Ɗauko ta zuwa tasha, kwantena da inshora sun ci wajen dubu 5. Fito ya kama wajen dubu 45. Jimla dubu 168, a cire 90, ciko ya zama dala dubu 78. Dalili a fili yake: sabuwar za ka biya mata fito cikakke, tsohuwar kuwa mai saye ba ya mayar maka da fiton da ka biya mata. Shi farashin Amurka yake dubawa a waya, ya ɗan ƙara wani abu, ya ce iyakarsa ke nan.

Fiton nan kuwa shi ne inda abin ya ƙone ni, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu.

A tsarin da ake bi a lokacin, motar hannu tana biyan harajin shigowa kashi 20, da wani kashi 15 na bunƙasa masana'antar motoci, da ƙananan caji, sannan a ɗora VAT kashi 7.5 a kan jimlar. In aka tattara, yana tasam ma rabin darajar da aka yi wa motar ta lambar shasinta. Da naira ake biya. Saboda haka na ware naira miliyan 45 daga kuɗin tsohuwar na ajiye a banki, tunda farashin canjin da ake lissafa fito da shi a Disamba wajen 952 ne, fiton zai kama miliyan 43, har da rara. Abin da wannan lissafi ya tsallake shi ne da naira ake biya amma da dala ake aunawa, kuma farashin ranar da aka shigar da takardu ake ɗauka, ba na ranar da ka sayi mota ba. Motar tana kan teku, a farkon Fabrairun 2024 farashin ya tsallaka zuwa 1,356, washegari ya haura 1,400, kafin watan ya ƙare ya taɓa 1,600. Nawa ya faɗo a wajen 1,500. Miliyan 43 ta koma 67 da rabi. Ba a ƙara haraji ko kashi ɗaya ba, motar ba ta canza ba, amma sai da na nemo ƙarin naira miliyan 20 da wani abu cikin gaggawa, ga kuɗin ajiya a tasha yana hawa kullum. Da tun a Disamba na mayar da miliyan 45 ɗin dala, dubu 37 da ɗari 5 ke nan, a tsakiyar Fabrairu sai ta ba ni kusan miliyan 60, giɓin ya zama wanda za a iya cikewa ba tashin hankali.

Wani zai ce ai naira ta farfaɗo a Maris da Afrilun 2024, wanda ya riƙe dala a lokacin ya yi asara. Gaskiya ne. Ba cewa nake dala kullum hawa take yi ba. Bashin da aka auna da dala, a ajiye kuɗinsa da dala. In ta sauka fiton ma ya sauka tare da ita, in ta hau ka hau tare. Mai riƙe naira yana jiran kwantena caca yake yi ko ya sani ko bai sani ba, kuma jira ba ya cikin zaɓinsa, don tasha ba ta barin mota ta kwana kyauta.

Sai tashin farashin sababbi, wanda shi ke jan na hannu. A Amurka 911 Carrera mafi ƙanƙanta ta fara a dala 97,400 a ƙirar 2020. Ƙirar 2025 ta fara a 120,100. Carrera S ta tashi daga dubu 113 da 'yan kai zuwa 146,400. Wannan kafin harajin kashi 25 da Amurka ta ɗora wa motocin waje a Afrilun 2025, wanda daga baya aka sassauta wa na Turai zuwa 15. Tunda yawancin motocinmu daga can suke zuwa, abin ya shafe mu kai tsaye. Tashin yana da fuska biyu. Yana tallafar farashin wadda ke hannunka, amma wadda kake hari ta fi ta gudu, domin kashi 10 na dubu 150 ya fi kashi 10 na dubu 85, kuma kowace dala da ta ƙaru a can tana jawo kusan rabinta a fito.

Faɗuwar daraja kuma ba ɗaya take ba, kuma nan ne suna ke yaudarar mutane. Ƙididdigar 2023 ta iSeeCars, kamfanin nazarin kasuwar motoci a Amurka, ta nuna 911 ta rasa kashi 9.3 kacal a shekara biyar, Porsche 718 Cayman kashi 17.6, Maserati Quattroporte kuwa kashi 64.5. Dillalai sun riƙe wannan 9.3 suna ta kafa hujja da ita. Amma lokacin ƙarancin motoci ne bayan korona, sa'ad da ta hannu kan kai farashin sabuwa. A ƙididdigar 2025 ta wannan kamfani, 911 ta koma kashi 19.5, Cayman 21.8. A wannan ƙididdigar ma su ne kan gaba, sai dai faɗuwar 911 ta ninka cikin ƙasa da shekara biyu. Wanda ya saya a ƙololuwar 2022 shi ya ɗauki wannan bambanci. A cikin gidan Porsche ma ba a taru an zama ɗaya ba: Taycan mai lantarki tana zubar da daraja da sauri sosai, GT3 da ire-iren da aka ƙera kaɗan kuwa suna riƙewa. Manyan motoci masu ƙofa huɗu da manyan injuna su suka fi kowa zubewa da zarar garanti ya ƙare. In za ka tsallaka daga 911 zuwa irin waɗannan, ka san ka bar ƙasa mai tauri ka shiga rairayi.

A duba kalandar kamfani kuma. An nuna 992.2, wato 992 da aka sabunta, a ƙarshen Mayun 2024, watanni kaɗan bayan tawa ta iso. Duk lokacin da sabon zubi ya fito, masu na baya sukan fitar da nasu kasuwa a tare, mai saye ya samu abin zaɓe da bakin taya ciniki.

Kayan ƙari da ake zaɓa a masana'anta, mafi yawansu kuɗin da aka kashe musu ba ya dawowa. Tsohuwar tawa tana da birkin seramik mai kan rawaya, wanda ke ƙara wajen dala dubu 9 a kan sabuwa. Masu saye a Abuja da Legas da suka san mota ba su ƙara ko kwabo dominsa ba. Wasu ma rage tayi suka yi, don sun san in faifan ya ɓare ko ya cinye, canza saiti ya haura kuɗin wata ƙaramar mota, kuma sai an yi odarsa daga waje. Fata mai launi na musamman da zaren ɗinki da tambari a matashin kujera, duk ado ne na mai shi na farko. Abin da na ga ana tambaya a kai abu uku ne: Sport Chrono (tsarin da ke ƙara wa mota yanayin tuƙin tsere), salansa mai buɗewa, da na'urar ɗaga gaban mota. Wannan ta ƙarshen tana ɗaga hancin wajen milimita 40, kuma a titunanmu masu tudun rage gudu da ƙofofin gida masu gangara, motar da ba ta da ita leɓen bambarta ba ya daɗewa. Ban ɗauki 992 ba sai da na ga lambar wannan na'ura a takardar ƙirarta.

Kafin a tura kuɗi, a sa wani gareji mai zaman kansa a can ya duba motar, ba wanda mai sayarwa ya zaɓa ba. A nemi rahoton Carfax na tarihin motar, a tabbata takardar mallakarta ba ta motar haɗari ko ambaliya ba ce, domin waɗanda ake kwasowa daga gwanjon Copart da IAAI a gyara suna da arha a shiga, amma ranar fita mai saye zai buga lambar shasi ya ga hotunanta a ragargaje. A jona PIWIS, kwamfutar binciken mota ta Porsche, a karanta tarihin wuce gejin juyin inji, wanda ke da mataki 1 zuwa 6. Na 1 da na 2 ba abin damuwa ba ne, daga 4 zuwa sama kuwa, musamman a mai giyar hannu, a bar ta. A kwatanta sa'o'in aikin inji da kilomitar da mita ke nunawa, nan ake kama wadda aka mayar wa mita baya. A auna kaurin fenti a kowane ɓangaren bodi. Inda ya ninka na sauran, an yi aiki a wurin. Taya kuma a karanta lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta, mako da shekara, a ga alamar N mai nuna Porsche ta amince da tayar. Tayar da ta shekara biyar, ko zanenta bai cinye ba, ka sa kuɗin saiti huɗu cikin ciko.

A kwantena za a sa ta, ba jirgin da ake tuƙa motoci a shiga da su ba, saboda ƙasa-ƙasa take kuma hannaye da yawa ke taɓa ta. Kuma kafin jirgi ya tashi, a sa ejan, mai fitar da kaya daga tasha, ya fitar da kiyasin fito a rubuce da dala, ba da naira ba. Takardar da ya ba ni da naira ce, adadi ɗaya a ƙasan shafi, shi ya sa miliyan 43 ta zauna mini a kai kamar abin da aka gama.

Wajen sayar da tsohuwa, kasuwarmu siririya ce. Masu iya sayen 911 kuma suke so ba su da yawa, galibinsu sun san juna, kuma motar da ta daɗe ana yawo da hotonta a WhatsApp farashinta sauka yake yi ko ba ta da laifi. Dillali ɗaya, da la'ada da aka yanke tun farko, ya fi dillalai biyar kowa na ɗora nasa. Musaya da ciko a wurin mai sayar da motoci ta fi sauri, amma ya kan yanke kaso mai kauri don zai ajiye ta watanni. Abin da ya ɗaga tawa shi ne fayil: takardun fito na asali, rasit na kowane juyen baƙin mai, canjin man birki duk shekara biyu, fulogi, da hotunan wanke lagireto biyu na gaba da ƙura da ganye ke toshewa. In za a yi ciniki da naira, a rubuta farashin da dala a yarjejeniya, kuma kada a karɓi kafin alƙalami a bar sauran kuɗin sai bayan wata guda.

Ita kanta motar fa? Ta fi tsohuwar, ba musu. Ƙarfin doki 443 a maimakon 420, giyar PDK (mai canza kanta) mai hawa 8 a maimakon 7, gaba ya fi faɗi, ciki ya fi zamani. Amma injin lita 3 ne mai turbo biyu a dukansu, kuma tsakanin Maitama da hanyar filin jirgi ba za ka taɓa ƙure ko ɗaya ba. Hidimar kuma ta ƙaru: tayar baya ta koma inci 21, inshora tana bin darajar mota da naira, ga neman mai mai kyau, tunda man oktan 98 kamfanin Porsche ya fi so a zuba mata. Da ciko ya tsaya inda takarda ta nuna a Disamba, da na ce canjin ya yi daidai. Da ƙarin da Fabrairu ya ɗora, tsallake zubi ɗaya kacal bai biya kuɗinsa ba. Wanda ke kan 991.2 mai lafiya, gara ya yi mata babban sabis da taya huɗu ya jira ya tsallake zubi biyu lokaci guda, ya biya fito sau ɗaya maimakon sau biyu.

Wanda kuma ya riga ya yanke shawara, ga jerin da zan bi yau. A nemo sabuwar a gama bincikenta tukuna. A karɓi kiyasin fito da dala, a ƙara kashi 10 a kai saboda kuɗin tasha da na ejan da abin da ba a rasa ba. Sannan a sayar da tsohuwar, kuma a ranar da kuɗin ya shiga a raba shi: na mota da na jirgi su tafi, na fito ya shiga asusun dala ya zauna. Ba za a mayar da shi naira ba sai ranar da ejan ya kira ya ce takardar biya ta fito.