Lambar Cuta Ba Ta Wuce Abin Da Likita Ya Rubuta A Fayil

Duk wanda ya daɗe a sashen adana bayanan majinyata ko a teburin inshora na asibiti ya san cewa takardun neman biya da yawa da ake dawowa da su, tun a ɗakin ganin likita suka sami matsala. Kamfanin inshorar lafiya (HMO) ko hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha ba su ga majinyaci ba. Abin da ke gabansu shi ne lambar cuta, da jerin ayyuka da magungunan da aka caje su, sai fayil idan sun nemi a kawo. In waɗannan ukun ba su yi magana ɗaya ba, ko a zaftare kuɗin ko a hana gaba ɗaya.

Lambobin daga ICD-10, kundin jerin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya bugu na goma, ake ɗauko su: harafi ɗaya, alƙaluma biyu, ɗigo, sannan alƙalami na ƙarshe da ke fayyace yanayin cutar. Bugu na goma sha ɗaya, ICD-11, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2022, amma wurare da dama suna kan na goma har yanzu. A yi hattara da binciken intanet, domin sau da yawa lambobin ICD-10-CM yake fitarwa, wanda Amurka ke amfani da shi tun Oktoba 2015, kuma nasu na iya kaiwa haruffa da alƙaluma bakwai. E11.621, gyambon ƙafa na mai ciwon suga, babu ita a kundin Hukumar Lafiya ta Duniya. Kafin komai, a tambayi mai biya wane kundi yake karɓa.

Maleriya ta fi kowace cuta nuna yadda abin yake. A ce an kwantar da yaro mai kilo 15, an yi masa allurar maganin maleriya, artesunate, ta jijiya, an ƙara masa jini, ya kwana huɗu. A takardar sallama likita ya rubuta kalma ɗaya tak: maleriya. Mai sa lamba, wato ma'aikacin da ke ba cutar lambarta daga fayil, ba shi da hurumin wuce B54, wato maleriyar da ba a fayyace ba, wadda ba a tabbatar da ita da gwaji ba. Mai tantance takardar a ɓangaren masu biya kuwa zai ga zazzaɓin da ƙwayoyin kwana uku ke warkarwa, ga kuma lissafin gado da jini da allurai. Dole ya ƙi, kuma yana da gaskiya. A tsarin hukumar inshorar lafiya ta Najeriya (NHIA), irin wannan ƙaramin ciwo yana cikin kuɗin wata-wata da ake ba asibiti a kan kowane mai rajista, ba a sake biyan sa daban.

Da likitan ya rubuta cewa gwajin gaggawa na maleriya (RDT) ko na madubin ɗakin gwaji ya nuna falciparum, nau'in ƙwayar maleriya mafi haɗari, ya sa PCV ɗin yaron, wato ma'aunin yawan jininsa, a ranar kwanciya, misali kashi 13 cikin ɗari, ya ce maleriya ce mai tsanani tare da ƙarancin jini mai tsanani, da lambar ta zama B50.8. Da yaron ya fita hayyacinsa, likita ya rubuta cewa ta taɓa ƙwaƙwalwa, B50.0 ke nan. Ma'aunan tsanani sanannu ne: PCV da ya faɗo zuwa 15 ko ƙasa a yaro, sugan jini ƙasa da 2.2 mmol/L, jijjiga fiye da sau biyu cikin awa 24. Rubuta su ba ya cin minti ɗaya.

Nauyin majinyaci ma kuɗi ne. Artesunate miligiram 2.4 ake bayarwa a kowane kilo, ko 3 ga yaron da bai kai kilo 20 ba, a farawa, bayan awa 12, da bayan awa 24. Yaron nan miligiram 45 zai samu, kwalba ɗaya mai 60 ta ishe shi kowane karo. Babba mai kilo 60 kuwa 144 yake buƙata, kwalba uku ke nan, tara a rana ta farko. Idan babu nauyi a fayil, ko nas ba ta sa hannu da lokaci a takardar ba da magani ba, babu hujjar da za a kare kwalaben nan tara da ita.

Haka sauran cututtuka. Sikila da ta tashi D57.0 ce, wadda ke kwance D57.1. Hawan jini zalla I10 ne, amma ga mai juna biyu sai a koma babin O: O10 idan tana da shi tun kafin ciki, O13 idan cikin ne ya kawo shi, O14 idan ya zo da furotin a fitsari, O15 idan ta yi jijjiga. Wanda ya yi hatsarin babur ya karye a cinya, bayan S72 ta karayar, ana son lambar sanadi daga rukunin V, na hatsarin ababen hawa.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne zaɓen babbar cuta. Ƙa'idar ita ce cutar da aka tabbatar a ƙarshen jinya cewa ita ta sa aka yi wa mutum magani, kuma idan sun fi ɗaya, wadda ta fi cin aiki da kaya. Abin da aka rubuta a sashen gaggawa ranar farko zato ne. Alamar tambayar nan da ake sa wa taifod a gaba takan bi fayil har ranar sallama ba wanda ya warware ta, alhali gwajin jini na Widal guda ɗaya ba ya tabbatar da taifod, wato A01.0. Likitan da ya yi sallama shi ke da alhakin cewa an tabbatar, ko an kawar, ko har yanzu zazzaɓi ne da ba a gano dalilinsa ba, R50.9.

Mai sa lamba yakan ga PCV 13 a takardar gwaji ya gane abin da ya faru, amma gano cuta ba aikinsa ba ne. Ya mayar da fayil ga likita da tambaya a rubuce, wadda ba ta sa masa amsa a baki: an ƙara jini ranar kaza, PCV kaza, wace cuta aka yi wa wannan magani? Ɗaga lamba zuwa mai tsada ba tare da rubutu ba zamba ce, ko da an yi ne don a taimaki asibiti. Illarta ba ta tsaya a kuɗi ba: cutar da mutum ba shi da ita za ta zauna a tarihinsa, kuma alƙaluman da ake tsara sayen magani da su za su karkace.

Idan likita zai ƙara bayani, ya rubuta shi a matsayin ƙari, da kwanan watan ranar da yake rubutawa, da suna da sa hannu. Kuskure kuwa layi ɗaya ake ja a kai yadda za a iya karanta na ƙasa, ba a gogewa, ba a shafa farin ruwa. Lambar izinin yin aikin da HMO ya bayar ita ma a duba ta: idan an karɓo ta a kan haihuwa sai abin ya kai ga tiyata, a nemi sabuwa, a rubuta dalilin tiyatar da lokacin da aka yanke shawara, kafin a tura takardar neman biya.